Yadda ake binne bututun iska a ƙasa don rage zafin ɗaki a Gadarif da kewaye

Kawuna haƙar rijiya ce sana'arsa, tun daga ƙauyukan kudancin Gadarif har yankin Sinnar a ƙasar Sudan. Ina yaro nake zaune a bakin rami ina jan guga cike da ƙasa, rana tana dukan ƙeyata, shi kuwa yana can ƙasa gaba biyu yana aikinsa hankali kwance. Wata rana a watan Afrilu na leƙa na ce, "Kawu, ba ka jin zafin nan ne?" Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, rana ba ta san hanyar nan ba." Da hunturu ya zo muna rawar ɗari a sama, sai ya riƙa cewa can ƙasa ɗumi ne. Wannan abin da masu haƙa suka sani da jikinsu shi ne tushen aikin da zan bayyana: a binne dogon bututu a ƙasa, a tura iskar waje ta cikinsa da ƙaramar fanka, ta fito cikin ɗaki bayan ƙasa ta shanye mata zafi. A Faransa suna ce masa rijiyar Kanada. Mutanen Yazd a Iran kuwa tun ɗaruruwan shekaru suke jawo iska ta hanyoyin ruwansu na ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gidaje.

Kafin kowa ya sayi bututu ko guda, akwai gaskiyar da ya kamata ya sani. Zafin rana na yini guda ba ya wuce rabin mita a cikin ƙasa. Bambancin bazara da hunturu yana nutsewa fiye da haka, amma idan an kai mita 3 saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu, kuma yana isowa a makare da wata biyu ko fiye. A wannan zurfin ƙasa tana zama kusa da matsakaicin zafin garin na shekara. A tsakiyar Turai wannan yana kusa da digiri 10, shi ya sa bidiyoyinsu suke nuna iska mai sanyi kamar ta firji. Mu a nan matsakaicin Kartum kusan digiri 30 ne, Gadarif da Sinnar da Wad Madani kuma ƙasa da haka kaɗan. Saboda haka ranar da waje ya kai 43, bututun da aka yi da kyau zai ba ka iska mai 32 ko 33. Wanda yake zaton mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, zai samu kyauta zai yi baƙin ciki. Amma wanda yake da tsohuwa ko jariri a ɗaki, wuta kuma ta ɗauke tun safe, ya san abin da ragin digiri 10 yake nufi, musamman da yake fankar ba ta cin abin da ya wuce ƙwan lantarki guda na da.

Gwaji kafin haƙa

Ka fara da ɗan siririn rami mai zurfin mita 3 a inda kake son binnewa. Ka cika kwalbar roba da ruwa, ka ɗaura mata igiya, ka zura ta har ƙasa, ka toshe bakin ramin da tsumma da ƙasa. Bayan kwana uku ka jawo ta da sauri ka tsoma ma'aunin zafi. Abin da ya nuna shi ne iyakar sanyin da filinka zai iya bayarwa. Idan ya haura 32, ka fara gyara saman filin da inuwa tukuna, zan zo kan wannan a gaba. Ramin zai kuma nuna maka ko ruwa yana kusa. Gidajen da ke dab da kogi, kamar wasu sassan Mai Wurno, ko waɗanda ke bakin kwari inda ruwa yake kwanciya da damina, su yi wannan gwajin a ƙarshen damina, domin bututun da ya nutse a ruwa wahala ce kawai.

Abu na biyu da za ka duba shi ne rufin ɗakinka. Idan kwano ne tsirara babu silin, zafin da yake zubowa daga sama ya fi ƙarfin bututu biyu ma. Ka sa silin, ko ka shimfiɗa zana da kara a kan kwanon, ko ka shafe shi da farin fenti, ka toshe tagar yamma da rana. Ni a ganina kuɗin farko nan ya kamata ya tafi. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango shi ya fi kowane jin daɗin wannan tsari.

Lissafin bututu

Ɗaki mai mita 4 a tsawo, 4 a faɗi, 3 a tsayi yana ɗaukar iska kubik mita 48. Bututu mai inci 6, idan iska tana tafiya mita 2 a daƙiƙa a cikinsa, yana kawo kubik mita kusan 125 a awa, wato ya sauya iskar ɗakin sau biyu da rabi. Bututu biyu su sauya ta sau biyar, kuma nan ne jiki yake fara shaidawa. Mai inci 8 yana kawo kusan 225 shi kaɗai. Don ka san ƙarfin sanyin, ka ninka yawan iskar a awa da digirin da aka rage, ka raba uku, abin da ya fito wat ne. Bututu guda mai inci 6 da ya rage digiri 10 ya cire wat 400 da ɗoriya daga iskar da ke shigowa. Mukayyif mai tan ɗaya yana cire wat 3,500. Na kawo wannan ne don kada wani ya yi maka alkawarin sanyaya gida mai ɗaki biyar da bututu guda. Ɗaki ɗaya, bututu biyu, wannan shi ne ma'aunin da nake bai wa mutane.

Tsawon kowane bututu a kwance ya kasance tsakanin mita 25 zuwa 35. Mitocin farko su ne suke yin mafi yawan aikin, domin a nan bambancin zafin iska da na ƙasa ya fi yawa. Bayan mita 40 ƙarin da kake samu bai kai kuɗin haƙa ba. Yawancin filayenmu ba su kai mita 30 a miƙe ba, don haka sai a lanƙwasa ramin ya bi gefe biyu na tsakar gida, ko ya je ya dawo. Duk inda bututu biyu suka jeru, a bar aƙalla mita 1 a tsakaninsu, in ba haka ba kowanne zai riƙa ɗumama ƙasar ɗan'uwansa.

Ka sayi bututun roba na magudanar ruwa, sabo, mai santsin ciki, mai kaurin da zai ɗauki nauyin ƙasa mita 3. Idan ka taka shi ya lotsa, ka bar shi a shago. Kada ka damu da cewa roba ba ta wuce da zafi kamar ƙarfe, domin ƙasar da ke kewaye ita ce take jan ƙafa a aikin, bangon bututun siriri ne. Ka guji mai gurza-gurza a ciki saboda yana riƙe ƙura da ruwa, ka guji tsohon da ya taɓa ɗaukar ƙazanta, ka guji na asbestos ɗin da ake cirowa daga tsofaffin layukan ruwa. Iskar da 'ya'yanka za su shaƙa ce za ta bi ta ciki. A wurin kwana kuma a haɗa gwiwa biyu masu digiri 45 maimakon guda mai 90.

Haƙa, inda rai yake cikin haɗari

Lokacin aikin shi ne bayan an gama girbin dawa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta tsane, leburori sun samu sarari, kuma za ka gama kafin zafin Afrilu. Da damina kada ma a fara.

A unguwannin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ratsa, a Kartum da Jazira da Sinnar, ana samun harsasai da bama-baman da ba su tashi ba. Idan diga ta taɓa ƙarfen da ba a gane ba, kowa ya fito, kada a taɓa, a nesanta yara, a sanar da hukuma.

Ramin ya yi nesa da tushen bango gwargwadon zurfinsa, wato mita 3 ko fiye, sai dai reshen da zai tashi ya shiga ɗaki. Ya yi nesa da masai da ramin wanka iyakar yadda filin ya bari, mita 10 idan da hali.

Yanzu ga maganar da nake so magini da mai gida su ji da kunnen basira. Baƙar lakarmu ta Gadarif idan ta bushe kamar dutse take, sai mutum ya ga bangon rami a tsaye kyam ya saki jiki. Amma tsagogin nan da muke gani a gona da rani, waɗanda ƙafar akuya take faɗawa, suna nutsewa mita guda ko fiye, sun riga sun yanka ƙasar gunduwa-gunduwa. Kubik mita ɗaya na ƙasa ya kai tan ɗaya da rabi. A namu aikin, muna zaune muna shan shayi da hantsi, ba kowa a ciki, sai muka ji ƙara. Wani ɓangaren bango mai girman ƙofa ya ɓalle ya binne shebur biyu da tulun ruwa, daidai inda wani yaro yake tsaye minti goma kafin nan. Dattijon da yake shugabantar leburorin ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya juyo ya ce, "Malam, daga yau ba mai sauka sai an kafa katako." Haka aka yi. Da zarar rami ya wuce ƙirjin mutum, ko dai a faɗaɗa samansa a yi masa matakai kamar bene, ko a tokare bangon biyu da katako da sanduna. Ƙasar da aka fitar a zuba ta mita guda daga baki. Tsani ya kasance a kusa, mutum ɗaya ya tsaya a sama koyaushe, da dare kuma a killace saboda yara da dabbobi. Wanda yake da halin ɗaukar boklen, wato motar haƙa, na yini ɗaya ya ɗauka, ya fi sauri kuma ya rage zaman mutane a ciki. Wanda bai fara gini ba ya fi kowa sa'a, sai ya binne bututunsa a filin tun yana fayau.

Idan mita 3 ta gagara, 2.5 ma tana aiki. Ƙasa da mita 2 kuwa zafin bazara yana iske bututun.

Gindin ramin ya gangara santimita 2 a kowace mita, daga wajen ɗaki zuwa wajen bakin shigar iska. A mita 30 bambancin santimita 60 ke nan. Tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya isa a auna wannan, kamar yadda magina suke daidaita tushe.

Shimfiɗawa da binnewa

A tsince duwatsu daga gindin ramin, a shimfiɗa ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, kaurin tafin hannu. Masu aikin famfo sun saba lulluɓe bututu da yashi, amma busasshen yashi ba ya wuce da zafi, laka mai danshi ta ninka shi sau uku ko huɗu. Don haka a gauraya yashin da jar ƙasa ko ƙasar bakin kogi, a yayyafa ruwa, a daddanna a jikin bututun ta kowane gefe. Kogon da aka bari a gefen bututu iska ce a kwance, kuma iska a kwance bargo ce.

Baƙar laka tana kumbura da damina ta tsuke da rani, kuma mita ɗaya da rabi na sama nan ne motsin ya fi yawa. Rassan da suke tashi tsaye su ne suke shan wahala. A zura kowannensu cikin wani bututu mafi faɗi, ko a kewaye shi da yashi, don ƙasa ta yi motsinta ba tare da ta ja shi ba. Mahaɗa masu zoben roba sun fi na gam jure wannan motsi. Idan gam ka samu, ka goge bakin biyu da kyau, ka shafa ko'ina, ka bar shi ya kama.

A can ƙarshen gangaren, ƙarƙashin bakin shiga, a yi ɗan aljihu rufaffe mai zurfin rabin mita inda duk ruwan da ya shiga zai taru, a yadda za a iya zura tiyo ko tsumma a kan sanda daga sama a kwashe. Kada a huda gindinsa don ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa, domin ta nan ruwan damina da ƙwari za su shigo. Akwai kuma iskar radon, wadda take fitowa daga ƙasa, ba ta da wari, kuma shaƙarta shekara da shekaru yana jawo cutar daji a huhu. An fi samunta a ƙasa mai dutsen giranit, irin duwatsun Taka na Kasala. Maganinta shi ne bututun ya zama a toshe ruf daga baki zuwa baki. Turawa suna fama da raɓar da take taruwa a cikin bututu saboda ƙasarsu tana da sanyi sosai. Mu tamu ƙasar da ɗuminta, don haka raɓa ba ta cika damun mu ba, sai a garuruwan bakin teku masu laima irin Bur Sudan. Abin tsoronmu ruwan sama ne da yake samun kafa.

Kafin a mayar da ƙasa, a yi abu biyu. A zura igiyar nailan daga wannan baki zuwa wancan a bar ta a ciki har abada, da ita za a riƙa jan tsumma ana share bututun. Sannan a toshe ƙasan bututun a cika shi da ruwa a kwana. Mita 30 na inci 6 yana cin lita 500 da ɗoriya, ganga biyu da rabi, kuma na san darajar ruwa a Gadarif. Ba asara ba ce, da shi za a jiƙa ƙasar binnewa. Idan ruwan ya sauka da safe, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya har a gano mai yoyo. Bayan nan a riƙa mayar da ƙasa kamu ɗaya, a yayyafa, a daddaɓe, a ƙara.

Baki biyu da fanka

Bakin shiga ya tashi sama da ƙasa kamar mita 2, saboda ambaliya da habub, wato guguwar ƙura, a wuri mai inuwa. A gina masa ɗan ginshiƙin bulo, a yi masa hula. Ya yi nesa da madafa da turken dabbobi, kuma ko kusa kada ya kasance inda hayaƙin janareta yake bi, domin wannan hayaƙin yana kashe mutane suna barci. A rufe bakin da ragar ƙarfe saboda ɓera da maciji, a bi da ragar sauro, sannan matatar soso ko ƙyalle mai kauri. Wannan ta ukun tana da muhimmanci a yankinmu. Ɗan ƙwaron da yake kawo cutar kala-azar, mai sa zazzaɓi da kumburin saifa, yana zama a tsagogin baƙar ƙasa da wuraren da dushe da aduwa suke da yawa, kuma ƙanƙantarsa ta sa yana iya ratsa ragar sauro ta yau da kullum. Faɗin matatar ya ninka bakin bututun sau uku ko huɗu, don kada ta shaƙe fankar.

Fankar ita ce irin wadda ake sawa a tsakiyar bututu, mai wat 40 zuwa 80. Na fi son a ɗora ta a bakin shiga tana turawa, bayan matata. Ta haka idan wata mahaɗa ta ɗan saki, iska ce za ta fita, ba abin da ke cikin ƙasa ne zai shigo ba, kuma ƙararta tana can nesa da mai barci. Faifan sola mai wat 150 yana juya fankar da ke aiki da wutar batir kai tsaye, kuma lokacin da rana ta fi zafi shi ne lokacin da ya fi ba da wuta.

Gudun iskar ya tsaya tsakanin mita 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Idan ya wuce haka iska ba ta samun zaman da za ta huce. Ga yadda za ka auna ba da na'ura ba: ka sa garwashi da turaren wuta a kasko, ka kai bakin shiga, wani ya tsaya a ɗaki yana ƙirga. Idan tsawon bututun duka da rassansa mita 36 ne, ƙamshin ya iso cikin daƙiƙa 12 zuwa 18. In ya riga haka, rage gudun fankar.

A cikin ɗaki bakin fita ya kasance ƙasa-ƙasa, kamar tsayin gado, kusa da inda ake kwanciya, da murfin da za a iya rufewa. A bangon da ke fuskantarsa, can sama dab da silin, a bar kafa mai raga wadda iska mai zafi za ta fita. In babu mafita, sabuwar iska ba ta shigowa. Ƙofa da taga kuwa a rufe su da rana, in ba haka ba kana zuba ruwa ne a kwando.

Yadda ake ƙara masa ƙarfi

Filin da rana take duka tsirara yana tara zafi ya tura ƙasa a hankali. Saman layin bututun ya samu inuwa: rumfa, ko kabewa da wake masu yaɗo, ko shimfiɗar karan dawa mai kauri, sai dai karan ya yi nesa da bango saboda gara. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka a riƙa watsa shi a wurin. Inuwa da danshi suna sauke zafin ƙasar, amma sai an yi haƙuri, watanni abin yake ɗauka. Darbejiya da sauran manyan itatuwa a dasa su can gefe, inuwar ta iso amma saiwar kada ta iso.

Ƙasar da ke jikin bututu tana ƙoshi da zafi idan fanka ta yi ta aiki ba hutu. Ka kunna daga hantsi zuwa bayan isha'i. Da asuba, idan iskar waje ta fi ta bututun sanyi, ka buɗe tagogi, ka bar fankar ta yi awa biyu don sanyin asuba ya wanke zafin jiya daga ƙasar.

Daga Maris zuwa Mayu iskarmu busasshiya ce ƙwarai, kuma wannan dama ce. Ka yi ɗan akwati a bakin fita na cikin ɗaki, ka rataya buhun algarara ko soso wanda ruwa yake ɗiga a kansa, iskar ta ratsa. Aikin randa ne, ruwa yana ƙafewa yana tafiya da zafi, kuma zai iya sauke iskar da wasu digirori masu yawa ƙasa da 30. Ruwan ya tsaya a akwatin, kada ya gangara cikin bututu, a wanke buhun a shanya shi a rana duk mako. Kada ka haɗa babban mukayyif na ruwa, wato mai sanyaya iska da ƙafewar ruwa, da bakin bututun kai tsaye, yana zuƙar iska fiye da abin da bututun zai iya bayarwa sau da yawa. Da damina ta kama, iska ta yi laima, a cire buhun.

Da hunturu aikin juyawa yake. A daren Janairu, waje yana sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa, a arewa wajen Dongola ma ya fi haka sanyi, bututun kuwa yana kawo iska mai ɗumi sama da 25. Ka rage gudun fankar ka bar ta ta kwana tana aiki. Wannan ya fi kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki aminci nesa ba kusa ba, kuma zafin da kake zarewa daga ƙasa a lokacin yana rage wanda za ka tarar a Afrilu.

Matata a kakkaɓe ta duk mako biyu, da kuma bayan kowace habub. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a haska tocila cikin aljihun nan, in da ruwa a kwashe a ranar, tun sauro bai samu wurin ƙwai ba. Sau biyu a shekara, kafin zafi da bayan damina, a ɗaura tsumma mai ɗan ruwan kulorin a igiyar, a ɗaura wata igiyar a bayansa don a dawo da ita, a ja daga baki zuwa baki, sannan a bar fanka ta busar da bututun yini guda ƙofar ɗaki a buɗe. Idan ka ji warin rima ko na ruɓa yana fitowa, ka rufe murfin ɗakin nan take, kada a sake kunnawa sai an gano inda ruwan ya shiga.